Leonard Rossiter: shekara 30 a kan daɓe, amma da tallar 'yan daƙiƙoƙi ake tuna shi

Yau sai kun yi min haƙuri, don ba Kano za mu ba, ba kuma Mumbai ba. Ingila za mu leƙa, wajen wani mutum da ya mutu tun kafin a haifi yawancinmu.

Yadda aka yi na san shi ma abin dariya ne. Wani abokina ne ya turo min ɗan guntun bidiyo a WhatsApp, tsohuwar talla ce ta Turawa. Wani mutum mai dogon hanci yana zaune a jirgin sama kusa da wata mata da ta sha kwalliya, an kawo musu abin sha, yana ta iyayi yana yabon ɗanɗanonsa kamar shi ya haɗa shi. Can sai ya ɗora hannu a kan maɓallin kujerar matar bai sani ba, kujera ta kwanta baya, abin da ke cikin kofinta ya kife mata a ƙirji. Shi kuwa gogan ko a jikinsa, a zatonsa ma kwanciya ta yi za ta ɗan runtsa. Na kalla ya fi sau biyar. Zubewar abin shan ba ita ta ba ni dariya ba, fuskar mutumin ce, yadda ya yi ɓarna amma ya ci gaba da jin kansa ɗan birni.

Daga baya na gane cewa tallar wata giya ce ta ƙasar Italiya mai suna Cinzano. To wannan kam ba hanyarmu ba ce, kuma ba ita na zo yi wa talla ba. Mutumin nake so mu duba. Sunansa Leonard Rossiter, kuma da na bi sawunsa sai na tarar wannan tallar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ya yi a duniya.

An haife shi ranar 21 ga Oktoba, 1926 a unguwar Wavertree da ke birnin Liverpool. Mahaifinsa mai aski ne, a saman shagon askin ma iyalin suke zaune. Yaro ne mai ƙoƙari a makaranta, musamman a harsuna, kuma burinsa ya shiga jami'a ya karanta Faransanci da Jamusanci. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Mahaifinsa yana aikin sa-kai da motar ɗaukar marasa lafiya, bom ɗin jiragen Jamus ya kashe shi. Shi ke nan maganar jami'a ta sha ruwa, don dole ya riƙe mahaifiyarsa. Ya yi aikin soja na dole, inda aka tura shi Jamus a sashen ilimi, har yana rubuta wa sojojin da ba su iya rubutu ba wasiƙa zuwa gida. Da ya dawo sai ya kama aiki a kamfanin inshora na Commercial Union, sashen haɗurra da biyan diyya, ya yi shekara shida yana fama da fayil.

Shigarsa harkar wasa kuwa, budurwa ce sila. Tana cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sha'awa, ya je kallo ya dawo yana kushe su. Ita kuma ta ƙalubalance shi da cewa in ya isa ya hau ya gwada. Ya hau. Wasan farko da ya fito shi ne Flare Path na Terence Rattigan, kuma mai sharhin jaridar garinsu ya soke shi da cewa yana zuba magana da sauri fiye da kima. Ku riƙe wannan, don wannan saurin bakin da aka kushe shi ne daga baya ya zama tambarinsa.

A 1954, yana da shekara 27, ya ajiye aikin albashi ya koma wasan daɓe gaba ɗaya a garin Preston. Ku yi tunanin wannan a gidajenmu, mutum ya kusa talatin, yana da aikin ofis, ya zo ya ce wa tsohuwarsa ya bari zai koma wasan kwaikwayo. Kuma irin kamfanonin da ya shiga ba wurin hutu ba ne. A lokacin kusan kowane gari a Ingila yana da gidan wasa da 'yan wasansa na dindindin, kuma duk mako sabon wasa ake sakawa. Da daddare kana yin wasan wannan makon a gaban jama'a, da safe kana atisayen na mako mai zuwa, tsakanin nan kuma kana haddar na makon da ke biye. A cikin wata 19 na farko, Rossiter ya hau rol kusan 75. Babu yanke, babu a sake ɗauka, in ka manta layinka to a gaban mutane ka manta. Daga Preston ya wuce Wolverhampton da Salisbury, sannan ya yi shekara biyu a Bristol Old Vic daga 1959 zuwa 1961, inda ya yi ta wasannin Shakespeare da sauran manyan marubuta.

Ni a nan nake ganin sirrinsa yake. Duk wanda ya taso daga daɓe, jikinsa ne kayan aikinsa, saboda na kujerar ƙarshe ba ya ganin ƙwayar idonka, sai dai ya ga yadda ka tsaya da yadda ka juya. Mu ma ai daga nan muka fito. Kafin Turmin Danya ya fito a 1990, ƙungiyoyin wasan daɓe irin su Tumbin Giwa ne suke riƙe da harkar a Kano, kuma har yau in ka kalli dattawan da suka biyo ta wannan hanyar ka kan ga bambanci a tsayuwarsu a gaban kyamara.

Akwai wani abu da ya faru da shi a 1962 wanda na san zai taɓa zuciyar duk ƙaramin jarumi. An yi wani wasan barkwanci mai suna Semi-Detached a garin Coventry, Rossiter ne ya ja wasan, kuma ya karɓu. Da aka tashi kai wasan Landan, inda kuɗin da sunan suke, sai aka ɗauke rol ɗin aka ba Laurence Olivier, wanda a lokacin shi ne sarkin 'yan wasan Ingila. Kai ka yi noma, wani ya zo girbi. Sai dai wasan bai yi armashi a hannun Olivier ba, kuma da aka kai shi New York a 1963, Rossiter aka sake nema.

Babban aikinsa a daɓe shi ne The Resistible Rise of Arturo Ui, na marubucin Jamus Bertolt Brecht, wanda ya rubuta shi a 1941 yana gudun hijira daga mulkin Hitler. Labarin wani ƙaramin ɗan daba ne a birnin Chicago da ya mamaye kasuwar farin kabeji da barazana da kisa, har ya zama ba mai iya tanka masa. Kowa ya san Hitler ake nufi, kuma kowane yaron ɗan daban yana wakiltar wani na hannun daman Hitler ne. Akwai wani sin da ya yi suna a wasan, inda ɗan daban ya ɗauko wani tsohon ɗan wasa da ya lalace don ya koya masa yadda manya suke tafiya, da yadda ake tsayuwa, da yadda ake jawabi. A gaban idon 'yan kallo ake ɗinka Hitler gaɓa-gaɓa, tafiyar nan ta ɗaga ƙafa, da harɗe hannu, da ihun jawabi. Kana dariya, sai ka farga abin da kake yi wa dariya.

Darakta Michael Blakemore ne ya ba shi rol ɗin a Glasgow a 1967, aka kai shi bikin wasanni na Edinburgh, sannan ya shiga Landan a 1969. Nan ne Ingila ta san akwai wani Leonard Rossiter, yana da shekara 42, bayan ya shafe shekara goma sha biyar yana gwagwarmaya. Ya ci kyaututtuka a kan wasan, kuma masu sharhin da suka gani sun daɗe suna lissafa shi cikin manyan wasannin zamanin. Abin haushin, da BBC ta tashi mayar da wasan na talabijin a 1972, wani jarumin ne daban, Nicol Williamson, ya hau rol ɗin. Wato abin da aka ce shi ne ƙololuwar aikin Rossiter, sai dai mu karanta labarinsa mu ga hotuna.

Bai tsaya nan ba. Ya yi Richard III a Nottingham, ya yi The Caretaker na Harold Pinter, ya yi Tartuffe na Molière, labarin wani mayaudari da ya fake da addini ya shige gidan mai kuɗi. Har wasan mutum ɗaya ya yi, The Immortal Haydon, a kan wani mai zane da duniya ta juya wa baya, shi kaɗai a dandamali tun daga farko har ƙarshe.

A finafinai kuwa bai taɓa zama babban jarumi na can sama ba, amma ku duba inda ya leƙa. Masu son finafinan sararin samaniya, in kun kalli 2001: A Space Odyssey na 1968, shi ne masanin kimiyyar Rasha ɗin nan da yake ta yi wa Ba'amurke tambayoyi cikin ladabi a kan abin da ake ɓoyewa a duniyar wata. Stanley Kubrick mutum ne mai wuyar gamsarwa, amma ya sake kiransa a Barry Lyndon a 1975, inda ya fito a Kyaftin Quin. Ku nemi sin ɗin rawar da ya yi a fim ɗin, da kuma sin ɗin da aka tsaya harbin juna, ku ga yadda cika-baki yake komawa tsoro a fuskar mutum ba tare da ya ce uffan ba. Ya kuma fito a mai sana'ar shirya jana'iza har sau biyu, a Billy Liar na 1963 da Oliver! na 1968.

Talabijin ce ta shigar da shi kowane gida, kuma ita ma daga daɓe ta samo asali. A 1973 ya yi wani wasa na Eric Chappell mai suna The Banana Box, inda ya fito a wani mai gidan haya. Gidan talabijin na Yorkshire ya ɗauki labarin ya mayar da shi shiri mai dogon zango, aka sa masa Rising Damp, wato danshin nan da ke tasowa daga ƙasa yana cin bango, wanda duk ɗan haya ya san shi da damina. An yi shi daga 1974 zuwa 1978, kashi 28.

Wallahi in kun kalli Rigsby, mai gidan hayar, sai kun rantse kun taɓa zama a gidansa. Marowaci ne na ƙarshe, kullum cikin tsohuwar rigar sanyi ɗaya, yana faɗo wa 'yan haya ɗaki ba sallama, yana ba da labarin jarumtar da ya yi a yaƙi wadda ba wanda ya gani. Abokin hirarsa na gaskiya kyanwarsa ce, Vienna. Yana mutuwar son wata 'yar haya, Miss Jones, ita kuma hankalinta yana kan wani ɗalibi baƙar fata, Philip, wanda ya ce shi ɗan sarki ne daga Afirka kuma matansa goma.

Wannan ɓangaren sai da na kalle shi da idon basira, don Rigsby yana furta maganganun jahilci a kan baƙar fata, irin waɗanda yau ba za a saka a talabijin ba. Amma in ka lura, shi ne kullum yake kwana a ciki. Philip, wanda Don Warrington ɗan asalin Trinidad ya hau, ya fi shi ilimi, ya fi shi natsuwa, ya fi shi iya sa kaya, kuma da jahilcin nasa yake ɗaure shi. Akwai kashin da Rigsby ya matsa masa sai ya ba shi sirrin mallakar mata na Afirka, Philip ya ba shi wani guntun itace ya ce ya ƙona a gaban wadda yake so. Ashe daga jikin kwabar kaya ya ɓalle shi. Wannan kam ko a Kano aka yi shi zai zauna daram. A fim ɗin da aka yi na shirin a 1980 ma sai ta fito fili cewa Philip ba ɗan sarkin ko'ina ba ne, a Croydon ya tashi, nan kudancin Landan.

Yana cikin wannan kuma BBC ta ba shi The Fall and Rise of Reginald Perrin, daga 1976 zuwa 1979. Nan ma'aikacin ofis ne da rayuwar kullum-ɗaya ta ishe shi, jirgin ƙasa kullum a makare, oga kullum da surutu ɗaya, har ya je bakin teku ya ajiye kayansa don a zaci ya mutu. Daga baya ya buɗe shagon sayar da kayan da ba su da amfanin komai, da gangan don ya faɗi, sai kasuwa ta buɗe ya yi kuɗi. Duk sanda aka ambaci surukarsa kuwa sai a hasko dorinar ruwa tana tafiya, wai abin da yake gani a ransa ke nan. Mu da muke sunkuyar da kai a gaban surukai, wannan sai dai mu yi dariyarsa a ɓoye. Mutumin da ya yi shekara shida a ofishin inshora ai ba sai an koya masa yadda gajiyar ofis take ba.

To a daidai wannan ganiyar ne masu talla suka zo. Ya fara da tallar biron Parker a 1977, inda ya fito a jami'in da ke rubuta wa masu mota tara. Sannan aka shiga na Cinzano, guda goma tsakanin 1978 da 1983, shi da Joan Collins. Kamfanin talla na Collett Dickenson Pearce ne ya shirya su, kuma cikin waɗanda suka ba da umarni har da Alan Parker, wanda ya yi Midnight Express. A lokacin tallace-tallacen abokin hamayyarsu, Martini, duk kyawawan samari da 'yan mata ne a bakin ruwa da jiragen shaƙatawa. Sai waɗannan suka ce bari su yi wa wannan salon shaƙiyanci, su kawo wanda yake ganin shi ma ɗan wannan ajin ne alhali bai kai ba.

Dabarar zubar da abin shan daga wajen Rossiter ta fito, tsohon barkwancin 'yan daɓe ne, mutum yana riƙe da kofi ya juya hannu zai duba agogo. Abin da ya sa tallar ta yi ƙarko shi ne kowa ya san ƙarshenta, matar nan sai ta jiƙe, abin jira kawai ta wace hanya. Wani lokacin sai a nuna kamar ta tsira, ka saki jiki, sannan abin ya zo ta inda ba ka zata ba. Wadda ta fi kashe ni ita ce ta baƙin Japan. Ya yi tuntuɓe da kan fatar damisar da aka shimfiɗa a ƙasa, ya watsa mata abin shansa, baƙin nan suka ɗauka al'adar gaisuwa ce, su ma duk suka watsa mata nasu. Ɗaya daga cikin daraktocin tallar ya ba da labarin cewa Rossiter yakan tsokani Joan Collins da cewa ita kayan aiki ce kawai a sin ɗin. Ni dai ban yarda da shi a nan ba. Ba don yadda take haɗiye fushi tana riƙe ajinta ba, da rabin dariyar babu. Ita kuwa a 1981 ta shiga Dynasty a Amurka, ta zama tauraruwar da ta fi shi suna a duniya nesa ba kusa ba.

Wani abin kuma da masu harkar talla suke yawan kawo misali da shi har yau, mutane sun haddace barkwancin amma da yawa sun manta sunan kayan, wasu ma sun ɗauka tallar Martini ce. Ka biya kuɗi ka ɗauko gwani, gwanin ya cinye tallar, abokin hamayyarka ya samu ciniki. Duk sanda na ga 'yan barkwancinmu suna tallar taliya ko layin waya ko maganin gargajiya, nakan tambayi kaina ko gobe zan tuna sunan kayan, ko kuwa dariyar kawai zan tuna.

Abin da ya fi damuna ma bai shafi masu kayan ba. Ku rubuta sunansa a YouTube ku gani, tallar nan tana cikin abin da zai fara fito muku. Shekara talatin yana hawa dandamali, ya yi Brecht, ya yi Shakespeare, ya yi Molière, amma wanda bai san shi ba ta hanyar kofin giya zai fara saninsa, kamar yadda ni ma na fara. Talla ana ɗaukarta a adana, a maimaita ta sau dubu. Wasan daɓe kuwa da an rufe labule ya tafi tare da waɗanda suka kalla. Shi ya sa nake ganin jaruminmu da aka kawo wa kwangilar talla ya kamata ya duba abin da zai ɗora fuskarsa a kai da kyau, don mai yiwuwa ita jikokinsa za su fara cin karo da ita.

A wajen aiki, waɗanda suka yi hulɗa da shi sun ce ba shi da sauƙi. Yana zuwa da haddarsa a cike, ya auna kowane motsi da kowane ɗan shiru, kuma ba ya ɗaga wa wanda ya zo da wasa ƙafa, ko darakta ne. Wasu sun ji haushinsa, wasu sun ce a wajensa suka koyi aiki. Mai barkwanci ne da ba ya wasa da barkwanci. A waje kuma mutum ne mai motsa jiki, gwanin ƙwallon sukwash ɗin nan da ake bugawa a jikin bango, kuma ɗan a-mutun Everton ne, ba Liverpool ba, sai haƙuri mutanen Anfield.

Duk kuɗin talabijin da na talla bai sa ya bar daɓe ba. A 1984 ya karɓi rol ɗin Sufeto Truscott a wasan Loot na Joe Orton, barkwanci mai ɗaci a kan wasu samari biyu da suka fasa banki suka ɓoye kuɗin a akwatin gawar mahaifiyar ɗayansu, ga kuma ɗan sanda marar gaskiya da ya shigo gidan yana cewa shi ma'aikacin hukumar ruwa ne. Ranar 5 ga Oktoba, a gidan wasa na Lyric da ke Landan, wasa ya fara, jama'a sun cika. Lokacin shigowarsa ya yi, ba a gan shi ba. Mutumin da bai saba makara ko da daƙiƙa ɗaya ba. Da aka je ɗakin da yake shiryawa sai aka tarar da shi a kujera, zuciya ta buga. Ciwon kaurin tsokar zuciya ne, irin wanda yakan zauna a jikin mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau. Saura kwana 16 ya cika shekara 58. Ya bar matarsa, 'yar wasa Gillian Raine, da 'ya ɗaya.

Shekarar ta yi wa masu barkwancin Ingila nauyi. A watan Afrilu Tommy Cooper ya faɗi a kan dandamali ana haska shi kai tsaye, 'yan kallo suna dariya sun zaci wasa ne. A watan Mayu Eric Morecambe ya faɗi yana saukowa daga dandamali. Rossiter ne na uku. Lokacin da ya rasu ana tsakiyar nuna sabon shirinsa, Tripper's Day, inda ya fito a manajan kanti, kuma a watan Nuwamba BBC ta saka King John na Shakespeare da ya riga ya ɗauka, shi ne sarkin.

In za ku neme shi, kar ku fara da tallar kamar yadda na yi. Ku fara da Rising Damp, kashin guntun itacen nan. Turancinsa da sauri yake fita kamar an kunna injin markaɗe, ni ma sai da na kunna rubutun ƙasa kafin na kama rabinsa, amma ku zuba wa hannayensa da ƙugunsa ido lokacin da Miss Jones ta shigo ɗaki.